Daga Benci Zuwa Tarihi

A shirin wasanni da nake gabatarwa a rediyo, babu koken da ya fi yawa daga masu kiran waya kamar na zaman benci: me ya sa koci bai sa wane ba sai saura minti goma a tashi? Wannan ya sa na waiwayi tarihin bencin kansa.

A da babu canji a ƙwallon ƙafa. 'Yan wasa 11 da suka fara su ne za su gama. A wasan ƙarshe na Kofin FA na 1956, mai tsaron ragar Manchester City, Bert Trautmann, ya karye a wuya, amma haka ya daure har aka tashi, domin doka ba ta yarda wani ya maye gurbinsa ba. Sai a 1965 gasar lig ta Ingila ta amince da canjin mutum ɗaya, shi ma idan an ji rauni. Gasar cin kofin duniya kuwa sai a 1970, a Meziko, ta fara ba da damar canji biyu. A 1995 aka kai uku, annobar korona kuma ta kawo biyar a 2020.

Wanda ya nuna wa duniya darajar benci ɗan Kamaru ne, Roger Milla. A gasar 1990 a Italiya yana da shekara 38, kuma babu wasa ko ɗaya da aka fara da shi. Daga benci yake tasowa lokacin da 'yan bayan abokan hamayya suka gaji. Ya zura wa Romaniya biyu, ya zura wa Kolombiya biyu, Kamaru ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai zagayen ƙasashe takwas na ƙarshe. Da dokar zamanin Trautmann ake bi, da wuya a ɗauki mai shekarunsa.

Na san zaman benci da ciwo, musamman ga matashin da makomarsa ta rataya a kan a gan shi a fili. Amma idan mai sauraro ya sake kira yana lissafa mintoci, nakan tambaye shi: a cikin 'yan Kamarun da suka buga minti 90 a kowane wasa a 1990, sunan mutum nawa ka riƙe?