Labarin Dorugu da Masu Karatunsa

Duk ɗalibin da ya yi nazarin tarihin rubutun boko ya taɓa cin karo da sunan Dorugu, galibi a jimla ɗaya da sunan J.F. Schön, daga nan sai a zarce zuwa Ɗan Hausa da Hukumar Talifi. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne, yaron nan ya bar mana labarin rayuwarsa daga bakinsa, kuma labari ne na wanda yaƙi ya ci garinsu. Wannan maƙala za ta dubi yadda masu karatu suka karɓi labarin cikin kimanin shekara 140, domin kuwa kowane rukuni da abin da ya je nema a ciki.

An haifi Dorugu wajen shekarar 1840 a Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram. Zamani ne na hari. Damagaram tana ƙarƙashin Shehun Borno, bayi kuwa su ne hajar da ake biyan gandu da bashi da ita, har matafiyin nan James Richardson, wanda ya zauna a birnin a farkon 1851, ya rubuta yadda ya ga an shigo da kamammu bayan wani hari. A irin wannan hari ne aka kama Dorugu yana ɗan yaro, aka raba shi da iyayensa, aka yi ta cinikinsa hannu zuwa hannu har Kukawa. A can Bajamushe Adolf Overweg ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai Dorugu da wani yaro Bamargi mai suna Abbega suka bi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, zuwa Tambutu, suka komo, suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, suka isa Landan a 1855.

Mai karatunsa na farko shi ne marubucinsa, wato Schön, ɗan mishan da ya zo da ayarin Kwara na 1841, ya kuma ƙudurci rubuta nahawun Hausa. Allah ya kawo masa Bahaushe har gida, sai ya zaunar da shi yana faɗa yana rubutawa. Littafin nahawunsa ya fito a 1862, ƙamus a 1876, labarin Dorugu kuwa ya fito a 1885, cikin Magana Hausa, tare da tatsuniyoyi da karin magana. Wurin da aka ajiye labarin ma ya isa shaida. Abin da Schön ke farauta shi ne wakilin suna da lokutan aiki; jimlar da yaro ya faɗi yadda aka kama shi, a wurinsa misali ce mai kyau ta shuɗaɗɗen lokaci. Ban ga laifinsa ƙwarai ba, don da bai rubuta ba da babu abin da za mu yi gardama a kai. Amma dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: sunan Schön ne a bangon littafin.

C.H. Robinson ya sake fitar da littafin a 1906, lokacin da Turawan mulki ke buƙatar Hausa don aikin ofis da rangadi. Su ma darasi suka ɗauke shi.

Rukuni na uku masana ne. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fassara labarin zuwa Ingilishi, suka haɗa shi da na Maimaina na Jega, Jami'ar Yale ta buga. Daga nan ne masana tarihi suka shiga haƙo bayanan cinikin bayi da hanyoyin fatake, masana harshe suka dubi karin Hausarsa, wasu kuma suka yi ta sha'awar yadda ɗan Damagaram ya ƙare wa Turawa kallo, da cimarsu da al'adunsu, kamar yadda Barth ya ƙare mana. Haƙiƙa wannan ɓangare yana da daɗin karatu, shi ya sa ya danne na farkon. Dorugu kansa bai taimaka ba, don ya ba da labarin rabuwarsa da gida a taƙaice, cikin gajerun jimloli, ba kuka ba kururuwa. Mai gaggawa sai ya zaci abin bai dame shi ba. Wanda ya san kunya da kawaicin Bahaushe, ya kuma tuna cewa matashi ne ke magana gaban dattijon Bature a baƙuwar ƙasa, ba zai yi wannan zato ba.

To, ina Hausawa? Mu labarin bauta ta hannun Abubakar Tafawa Ɓalewa ya iso mana, cikin Shaihu Umar na 1934, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. Mun zubar da hawaye saboda uwar Umar da ta bi sawun ɗanta cikin hamada, alhali ƙagagge ne. Yaron da abin ya faru a kansa da gaske, yawancinmu da Ingilishi muka fara karanta shi, in ma mun karanta. Rubutun Schön ya riga haruffa masu lanƙwasa, waɗanda ba su zauna ba sai a shekarun 1930, don haka ɗalibin yau sai ya yi ta tuntuɓe kafin ya kai ƙarshen shafi.

Kwanakin baya na karanta wa wasu ɗalibai sashen farko na labarin a wani zaman karatu a Kubwa, bayan na daidaita rubutun. Cikinsu akwai wadda danginta suka baro ƙauyensu a Zamfara saboda 'yan bindiga. Sauran suna tambaya a kan kalmomin da suka ɓace daga Hausar yau, ita kuwa tambaya ɗaya ta yi: shin akwai wanda ya koma ya gaya wa mutanen gidansu cewa yana raye? Daga Schön har zuwa masanan 1971, ba wannan ce tambayar da aka sa a gaba ba.

Dorugu ya dawo Afirka a 1864, ya yi aikin tafinta, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya koyar da boko a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa, Kano. A nan ya rasu a 1912, Magana Hausa na da shekara 27 da fitowa.