Gudu da Haƙuri a Wasan Sonic the Hedgehog na 1991: Nazarin Tsarin Wasa da Karɓuwarsa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin wasan bidiyo na Sonic the Hedgehog wanda kamfanin Sega na Japan ya fitar a 1991. An dubi dokokin wasan da zubin matakansa, sannan aka auna su da irin karɓar da ya samu. An gano cewa gudun da ya ɗaukaka sunan wasan lada ne da mai wasa ke samu bayan ya laƙanci hanya, kuma tsarin zobba ne ya sa gudun ya zama abin jurewa.

Gabatarwa

Tun fitowar Super Mario Bros. a 1985, Nintendo ke riƙe da kambun wasannin tsalle-tsalle. Sega tana da nata tauraron, Alex Kidd, amma bai kai ya ja da Mario ba. Da ta tashi neman sabo don na'urarta ta Mega Drive, wadda ake kira Genesis a Amurka, sai Naoto Ohshima ya zana shuɗiyar bushiya mai suna Sonic, Yuji Naka ya rubuta manhajar wasan, Hirokazu Yasuhara kuma ya tsara matakansa. Wasan ya fita a Amurka ranar 23 ga Yuni 1991, ya fita a Japan a watan Yuli.

Tsarin Wasa

Baya ga maɓallin juya akala, aiki ɗaya tak ake yi da sauran maɓallan: tsalle. Idan Sonic ya yi tsalle, ko aka danna ƙasa yana cikin gudu, sai ya dunƙule kamar ƙwallo, wannan dunƙulewar kuma ita ce makaminsa. Saboda haka ba ya tsayawa don ya kai hari.

Inda gwanintar Naka ta fi bayyana shi ne yadda ƙasa ke taɓa gudun. Sonic yana farawa ne a hankali, gangara ta ƙara masa sauri, tudu ya rage masa. Wanda ya iso hanyar nan mai zagaye kamar taya ba tare da ya tara isasshen gudu ba, zai kai tsakiya ya faɗo. A ra'ayin wannan maƙala, nan ne ainihin sabon abin da wasan ya zo da shi: tara gudun ake yi, kuma kuskure ɗaya ya isa ya zubar da shi.

Sai dai gudu yana da matsala. Faɗin allon ɗigo 320 ne kawai, Sonic kuma yana kusa da tsakiyarsa, don haka ƙaya ko abokin gaba kan bayyana kafin ido ya sanar da hannu. Da a ce taɓawa ɗaya ke kashe shi, da babu mai yarda ya saki gudu. Zobban da Sonic ke tarawa a hanya ne suka warware wannan. Muddin yana riƙe da ko da guda ɗaya, bugu ba ya kashe shi; zobban ne ke warwatsewa, kuma yana iya tsince wasu kafin su ɓace. Mai ganganci yana da dama ta biyu, mai taka-tsantsan kuma yana da nasa ladan, domin zobe 100 na ba da ƙarin rai, zobe 50 a ƙarshen mataki kuma na buɗe ƙofar mataki na musamman inda ake neman duwatsun Chaos Emerald guda 6.

Zubin yankunan ma ya cancanci a tsaya a kansa. Manyan yankuna 6 ne, kowanne da matakai 3, sai fafatawar ƙarshe da babban abokin gabar Sonic, Dakta Robotnik. Green Hill fili ne na gudu, amma Marble da ke biye da shi na tilasta jiran dutse ya tsallakar da mai wasa kan narkakken dutse. A Labyrinth kuwa cikin ruwa ake tafiya, jiki ya yi nauyi, kuma wanda ya yi kimanin daƙiƙa 30 bai sami kumfar iska ba ya nutse. Wato kusan rabin wasan haƙuri yake nema.

Karɓuwa

Mujallun lokacin sun yaba da sauri da kalolin wasan da kiɗan Masato Nakamura, har Electronic Gaming Monthly ta zaɓe shi gwarzon wasan 1991. Nasararsa a kasuwa kuwa tana da hannun Tom Kalinske, shugaban Sega na Amurka a wancan lokacin, wanda ya sauke farashin Genesis zuwa dala 149, ya sa Sonic cikin kwalin na'urar a madadin wasan Altered Beast, a daidai lokacin da na'urar Super Nintendo ta shigo a kan dala 199. An sayar da kwafi sama da miliyan 15, amma dole mai nazari ya lura cewa adadin ya haɗa da waɗanda aka bayar tare da na'ura, saboda haka bai isa shi kaɗai ya zama ma'aunin son wasan ba.

Tallace-tallacen Sega sun karkata ga gudu kawai, masu kwaikwayo kuma suka bi tallar. Wasan Bubsy na 1993 ya ɗauki saurin ya bar kariyar zobba, taɓawa ɗaya ke kashe tauraronsa, kuma wannan na cikin abubuwan da aka fi sukarsa a kai. Ita kanta Sega, a Sonic the Hedgehog 2 na 1992, ta ƙara dabarar da ke ba Sonic damar tara gudu yana tsaye wuri ɗaya, ta kuma rage yawancin yankuna zuwa matakai 2. Wannan ya sauƙaƙa wasan ga sabon shiga, amma ya rage darajar gangara da tudu. Akwai buƙatar masu bincike su kwatanta wasannin biyu mataki-mataki, domin a ga abin da wannan sauƙi ya ƙara da abin da ya ɗauke.