Tasirin atisayen tattara hankali kan yadda mutum ke jin tafiyar lokaci

Atisayen tattara hankali hanya ce ta horar da zuciya, inda mutum ke natsuwa ya mayar da hankalinsa kan numfashinsa da abin da jikinsa ke ji, yana kuma dawo da tunaninsa duk sa'ad da ya yi nisa. Asalinsa koyarwar addinin Buddha ce, amma a shekarar 1979 Jon Kabat-Zinn ya shigar da shi harkar lafiya a Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, ta hanyar shirin makonni 8 na rage damuwa.

Masana halayyar ɗan Adam sun bambanta lokacin agogo da lokacin da zuciya ke ji. Bisa bayanin Dan Zakay da Richard Block, gwargwadon yadda mutum ya zuba wa lokaci ido, gwargwadon yadda zai ga ya yi tsawo. Shi ya sa minti 10 kan yi wa mai jiran mota a tasha tsawo, alhali mai hira ba ya sanin dare ya yi.

A shekarar 2013, masu bincike a Jami'ar Kent da ke Ingila sun sa wasu mutane yin wannan atisaye, wasu kuma sauraron karatun littafi. Bayan haka, waɗanda suka yi atisayen sun riƙa ɗaukar gajerun lokuta a matsayin masu tsawo fiye da yadda suka ɗauke su da farko.

Haka kuma a shekarar 2015, Marc Wittmann na birnin Freiburg a Jamus da abokan aikinsa sun gano cewa waɗanda suka daɗe suna atisayen ba su cika jin lokaci ya ƙure musu ba, kuma suna ganin makon da ya shige ya tafi a hankali.

Sai dai tasirin ba iri ɗaya ba ne. Binciken Sylvie Droit-Volet a Faransa ya nuna cewa a tsakiyar atisayen kansa, mutane kan ji mintuna sun shuɗe da sauri, domin hankalinsu ya bar agogo ya koma kan numfashi.

Abin da binciken ke nunawa shi ne, jin ƙurewar lokaci da ke addabar mutane da dama yana da alaƙa da inda hankalinsu yake, kuma horo na iya sauya shi.