Tsohon Jirgin da Ke Kwance a Umuahia

A harabar Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia, a Jihar Abiya, akwai wani tsohon jirgin sama mai jefa bama-bamai, ƙirar Ilyushin Il-28, yana shan rana da ruwan sama a fili. Tsakaninsa da Rabah, garin da na tashi, tafiya ce mai nisan gaske, amma a ganina tarihinsa ya ratsa ta ƙofar gidanmu.

Rabah ce mahaifar Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, wanda aka kashe a juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966. Daga wannan dare ƙasa ta shiga ramuwar gayya, aka zubar da jinin 'yan ƙabilar Ibo a biranen Arewa, har yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967. A lokacin, rundunar sojan saman Nijeriya jaririya ce, don a 1964 aka kafa ta. Ingila da Amurka suka ƙi sayar mata da jiragen yaƙi, sai gwamnatin Yakubu Gowon ta juya ga Tarayyar Sobiyet. A Kano aka fara sauke jiragen MiG a Agustan 1967. Daga baya jiragen Il-28 kimanin shida suka iso ta hannun Masar da Aljeriya, kuma Misirawa ne suka fara tuƙa su.

Jirgi ne da ya fara tashi a 1948, mai injuna biyu da ma'aikata uku: matuƙi, da mai duba hanya wanda shi ke sakin bam, da maharbi a wutsiya. Yana iya ɗaukar bama-bamai masu nauyin kilo 3,000. An ƙera shi ne domin fagen dagar Turai, sai ga shi yana shawagi a kan gonakin kwakwar manja. Daga can sama bam ba ya bambance sansanin soja da rumfar kasuwa. Kasuwanni da asibitoci sun sha wuta a yankin Biyafara, mata da yara suka halaka. Ita kanta Umuahia, wadda ta zama hedikwatar Biyafara bayan faɗuwar Inugu, ta ɗanɗana wannan azaba kafin a ci ta a Afrilun 1969.

Yaƙi ya ƙare ranar 15 ga Janairu, 1970, shekara huɗu cif da rasuwar Sardauna. Bayan an kafa gidan tarihin a 1985, sai aka ajiye jirgin kusa da ramin da gidan rediyon Biyafara ya taɓa watsa shirye-shirye, tare da makaman da 'yan Biyafara suka ƙera da hannunsu.

Mu mutanen gabashin Sakkwato mun san darajar adana tarihi. Muna ziyartar hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno, muna haddace salsalar sarakuna. Sai dai abin alfahari muka fi riƙewa, abin da ke da ɗaci mu kau da kai. Ɗalibi a Goronyo zai iya gama sakandare bai taɓa jin sunan wannan jirgi ba, alhali kakanninsa na iya kasancewa cikin waɗanda suka yi yaƙi a ƙarƙashin inuwarsa.

Saboda haka nake ganin wajibi ne Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta yi masa rumfa, ta tsare shi daga tsatsa, makarantunmu kuma su riƙa kai ɗalibai su gan shi. Waɗanda suka ga yaƙin da idonsu suna ƙarewa. Idan ƙarfen ma ya ruɓe, ji kaɗai zai rage mana, gani kuwa shi ya kori ji.