Daga Taurarin Tilho zuwa GPS: Wa Ya San Hanya a Ƙarƙashin Itace?

Ran 14 ga watan Yuni 1898, wakilan Faransa da na Ingila sunka sa hannu ga wata yarjejeniya a birnin Paris. Cikinta anka ce iyakar ƙasashen da suke riƙe da su za ta bi tsakiyar Dallol Mawri, ta yi arewa har ta gamu da wani da'ira da anka zana kewaye da Sakkwato, mil 100 daga tsakiyar birnin, wato wajen kilomita 161. Ku duba fa, ƴan uwa ɗalibai: fadamar da kakanninmu na Tibiri da Dogon Dutsi ke noma da kiwo cikinta, ita ce anka tsaga biyu da alƙalami, a ɗakin da babu ko Ba'are guda.

Zane a takarda abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wurin gano inda layin ya bi a ƙasa. Faransawa sun ga haka da wuri, don hanyar da da'irar ta bar musu daga kogin Kwara zuwa Damagaram ba ta da isassun rijiyoyi. Rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta afka wa Lugu ta Sarauniya Mangu a watan Afrilu 1899, ta ratsa Arewa ne tana neman ruwa da abinci da bakin bindiga. Sai da anka sake zama a 1904 da 1906 kafin a gyara iyakar. Daga 1906 zuwa 1908, Kaftin Jean Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila sunka bi ƙasa da ƙafa da dawaki, sunka kafa alamomin iyaka 148 daga Kwara zuwa tafkin Cadi.

To yaya sunka san inda suke tsaye? Da taurari. In dare ya yi, sai a kafa na'ura a fili, a auna tsayin tauraro daga ƙasa, a duba agogo mai tsananin daidaito, a yi lissafi. Aiki ne mai son sararin sama a buɗe: hadari ko hazo ko inuwar itace na iya ɓata dare guda. Da rana kuma, mutanen gari ne ke nuna musu rijiya da mashigi da sunan kowane tudu. Mu masu karatun harsuna mun san tafintan tawagar, Moïse Landeroin, wanda shi da Tilho sunka wallafa nahawu da ƙamus na Hausa bayan tafiyar. Ke nan ko a wancan zamani ma'auni bai wadatar ba sai da harshe.

Yau Bahaushe na kiran na'urar da ke kewaya duniya da suna tauraron ɗan adam, kuma sunan ya dace ƙwarai, don aikin bai canza asali ba. Sojojin Amurka sunka harba tauraron GPS na farko a 1978, tsarin ya cika da taurari 24 a 1995. Suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowane na kewaya duniya sau biyu a yini, yana aiko saƙon rediyo mai ɗauke da lokaci da wurin da yake. Na'urar hannu na auna jinkirin isowar saƙon, ta gane nisanta da tauraron. Tana bukatar aƙalla taurari 4 kafin ta faɗi wuri. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa daidai yake da kuskuren mita 300 a ƙasa.

Kamfanin Magellan ya fito da na'urar hannu ta farko ta kasuwa a 1989. Amma har zuwa farkon watan Mayu 2000, da gangan Amurka ke gurɓata saƙon farar hula, kuskure na kai mita 100. Shugaba Bill Clinton ne ya ba da umurnin a daina. Tun sa'annan, na'ura mai kyau a fili takan nuna wuri da kuskuren mita 3 zuwa 5.

Matsala tana farawa in mutum ya shiga ƙarƙashin itace. Saƙon da ya yi tafiyar kilomita dubu ashirin yana isowa a raunane, ruwan da ke cikin ganye da rassa kuma yana shanye shi. In ganyen ya jiƙe da ruwan sama, abin ya ƙaru. Wani saƙon kuma sai ya daki kututture ko dutse kafin ya iso, ya makara, na'ura ta ɗauka tauraron ya fi nisa. Shi ya sa a cikin kurmi mai duhu, irin na kudancin Najeriya ko Gana inda fatakenmu ke zuwa sarin goro, kuskure kan kai mita 10 ko fiye, wani lokaci na'urar ta rasa wuri ɗungum. Layin tafiyar da take zanawa sai ya yi ta karkace-karkace, ta lissafa maka nisan da ba ka taka ba. Na'urorin da sunka fito daga tsakiyar shekarun 2000 sun fi jin raunanan saƙo, na yanzu kuma na haɗa GPS da GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin. Yawan taurari na sa ko ta ƴar kafa tsakanin rassa a hango wasu. An rage matsalar, ganye dai na nan.

Wani zai ce mu ina ruwanmu, Arewa ba kurmi ba ce. Gaskiya ne, a kan fako inda sabara da geza ke tsirowa, sama a buɗe take. Gawon gonakinmu ma yana zubar da ganye da damina, kamar ya san da zancen. Amma sauka fadama, ka shiga garkar mangwaro mai rufaffen kai, ko ka yi gusum wajen Gaya inda giginya ta yi yawa, ko ka tsaya gindin dutse mai tsaye irin na Dogon Dutsi wanda ke tare rabin sama. Nan na'ura za ta fara tangaɗi.

Ga matafiyi, mita 10 ba komai ba ne. Ka ɗaga kai ka ga rijiyar da kake nema. Ga iyakar gona kuwa, mita 10 shari'a ce. Dokar karkara ta ran 2 ga Maris 1993 ta kafa hukumomin ƙasa da muke kira Kofo, dokar kiwo ta 2010 kuma ta ƙarfafa kariyar burtali da makiyaya. Da GPS ake ɗaukar lambobin burtali da na gonaki a yau. Alamar iyaka ta gargajiya kuwa sau da yawa itace ce: tsamiyar nan, kukar can. Wato daidai inda na'ura ta fi rauni, nan ake ɗora ta. In anka rubuta lamba a gaggauce a cikin inuwa, kunya huɗu ko biyar na hatsi na iya komawa cikin burtali a takarda, ko burtali ya ƙuntata, shanu su faɗa gona. Mun san yadda irin wanga rikici ke ƙarewa tsakanin manomi da makiyayi.

Don haka matashin da anka ba na'ura ya riƙe abubuwa kaɗan. Ya kunna ta a fili ya jira ta kama taurari kafin ya shiga inuwa. Ya riƙe ta sama, nesa da ƙirji, don jikin mutum ma ruwa ne. Ya duba lambar kuskure da take nunawa, ya dakata mintoci, ya auna fiye da sau ɗaya. Ya san GPS ba ta bukatar rezo, taswirar waya ce ke bukatar a sauke ta tun a gari. Ya ɗauki batir na ajiya.

Sa'annan ya rubuta sunan wuri yadda masu wurin ke faɗinsa, da sunan shaidu. Taswirorin da munka gada sun mai da Dogon Dutsi "Dogondoutchi", Kore Mai Ruwa "Koré Maïroua", har ma'anar ta ɓace wa mai karatu, alhali sunan da kansa kwatance ne: dutse mai tsawo, kwari mai ruwa. Ka rubuta Tibiri a waya, tana iya kai ka Tibirin Gobir kusa da Maraɗi. Ayarin fatake na da yana da jagaba wanda ya haddace irin waɗanga sunaye zango bayan zango, kuma tsofaffin da sunka san su a Dumega da Geceme suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Hutu mai zuwa, duk wanda ya koma gida da waya mai GPS, ya ɗauki littafi ya zauna da mai gari da dattijai, ya haɗa kowace lamba da sunanta da labarinta. Ranar da lamba ta yi gardama da lamba a gaban Kofo, wanga littafi ne za a buɗe.