Wuta har abada, ko tana da ƙarshe? Tsohuwar gardamar Kiristoci

A watan Janairun 2024 Fafaroma Francis ya faɗa a wani gidan talabijin na Italiya cewa shi dai yana son ya ɗauka babu kowa a cikin Jahannama. Ya ƙara da cewa fatansa ne, ba aƙidar coci ba, amma ina, an riga an yi masa ca. Har yau idan maganar ta taso sai in ga ana rubuta cewa Turawan zamani ne ke son sassauta addini. Jama'a, wannan gardama ta girmi Turawan zamani nesa ba kusa ba, kuma a nahiyarmu aka fi gwabza ta.

Ra'ayi uku ne. Mu fara da Origen, malamin Iskandariya ta Masar, wanda aka haifa wajen shekarar 185. Shi a ganinsa wutar Allah irin ta maƙeri ce: tana ƙone tsatsa don ƙarfe ya fito. Mugu zai sha azaba, mai tsawo ma, amma daga ƙarshe kowane rai zai koma ga Mahaliccinsa. Ya dogara da 1 Korintiyawa 15:28. Gregory na Nyssa, a ƙarni na 4, ya bi wannan hanya kusan ƙarara.

Na biyu Arnobius ne, mutumin Sicca a Tunisiya ta yau, wajen shekarar 300. Ya ce rai ba dawwamamme ba ne da kansa, dawwama kyauta ce daga Allah. Wanda bai samu kyautar ba zai sha hukunci, sannan ya ƙare ƙurmus, babu shi.

Na uku shi ne wanda ya yi rinjaye: Augustine, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya. A kashi na 21 na littafinsa Birnin Allah, wanda ya kammala a 426, ya zauna ya bi masu cewa wuta za ta ƙare ɗaya bayan ɗaya, yana kiransu masu taushin zuciya. Hujjarsa mai kaifi ce. Ya ce a Matiyu 25:46 kalma ɗaya aka yi amfani da ita wajen tsawon hukuncin miyagu da tsawon rayuwar masu adalci. In ka ce wutar za ta ƙare, to me zai hana aljannar ma ta ƙare? Ka ga an ɗaure ka ke nan.

Amma fa ba hujja kaɗai ta rufe bakin mutane ba. A 543 Sarki Justinian ya fitar da doka yana la'antar koyarwar Origen, a 553 kuma babban taron Konstantinoful ya sa sunansa cikin 'yan bidi'a, shekara kusan 300 bayan mutuwarsa. Abin da ke ba ni mamaki, Gregory da ya faɗi kusan abu ɗaya ba a taɓa shi ba, har yau waliyyi ne a wurin Katolika da Otodoks.

Daga nan aka yi shekaru fiye da dubu ra'ayin Augustine ne a kan mumbari. Luther da Calvin sun yi rigima da Roma a kan abubuwa da yawa, ba su taɓa wannan ba. A ƙarni na 19 'yan Adventist suka farfaɗo da ra'ayin shafewa, daga baya Shaidun Jehobah ma, sai aka riƙa ganinsa a matsayin maganar 'yan gefe. Abin ya canza a 1988, lokacin da John Stott, malamin Angalika da masu wa'azin bishara ke girmamawa a duk duniya, ya rubuta cewa ya karkata ga shafewa, kodayake da ɗari-ɗari. Ya ce aikin wuta cinye abu ne, kuma kalmomin da Littafi Mai Tsarki ya fi maimaitawa su ne mutuwa da hallaka. A 1995 kwamitin aƙida na Cocin Ingila ya fitar da rahoto da ya bayyana Jahannama a matsayin rashin wanzuwa gaba ɗaya. Katolika kuwa, a littafin koyarwarta na 1992, ta tsaya a kan cewa wutar madawwamiya ce.

'Yan uwa Musulmi da ke karantawa, ku ma kun san irinta: maganar ƙarewar wuta da ake jingina wa Ibn Taimiyya da Ibn Ƙayyim, wadda Subki ya yi wa raddi. Jumhur ba su karɓe ta ba.

Ni a nawa karatun, hujjar Augustine ta kama Origen da kyau, amma ba ta kama Arnobius sosai ba. Wanda aka shafe ba ya dawowa, don haka hukuncinsa ma na har abada ne. Inda masu shafewa ke shan wuya shi ne Ru'ya ta Yohanna 14:11 da 20:10, masu maganar azaba ba dare ba rana. Amsarsu ita ce littafin cike yake da alamu, kuma wannan amsa ba kowa take gamsarwa ba.

Kada a ɗauka musun malamai ne kawai. Kirista Bahaushe da kakanninsa suka mutu Maguzawa, ko wanda mahaifiyarsa ta rasu a wani addini, idan ya tambayi fasto ina suke, amsar da zai samu daga ɗayan waɗannan ukun za ta fito. Yawancin cocinmu na Arewa amsar Augustine suka gada ta hannun mishan, sau da yawa ba tare da an gaya wa kowa cewa akwai sauran biyun ba. Wanda ke da fasto kusa ya tambaye shi yadda yake karanta Matiyu 10:28, in ya samu amsa ya kawo mana nan ƙasa mu gani.