Nazari a Kan I2P da Imel Ɗinsa: Abin da Sabon Shiga a Unguwar Sarki Zai Fara Fahimta

Daga watan Yuni na 2021 zuwa 13 ga Janairu 2022 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a Najeriya, kuma a tsakanin nan ne matasa da yawa a Kaduna suka fara sanin manhajojin kewaye shinge, wato VPN. Abin da ya fara a matsayin dabarar shiga dandali guda ya buɗe wata tambaya da ta fi shi girma: idan mutum ya aika saƙo, wa ke ganinsa, kuma me yake gani? A wannan nazari za mu ɗauki ɗaya daga cikin amsoshin da masana suka bayar, wato hanyar sadarwa ta I2P da manhajar imel da ake maƙala mata mai suna I2P-Bote, mu auna su da halin da mai kwamfuta yake ciki a Unguwar Sarki, ko ɗalibin Jami'ar Jihar Kaduna ne, ko ɗan jarida, ko lauya mai riƙe da amanar wanda yake karewa. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, saukar da manhajar ba shi ne wahalar ba. An gina ta bisa zaton na'ura za ta daɗe a kunne kuma mai ita zai ba da gudummawar datarsa, alhali waɗannan biyun su ne suka fi tsada a wurinmu.

Kafin mu shiga, dole mu rarrabe kalmomi uku da ake yawan cakuɗawa. Na farko sirrin saƙo, wato a kulle abin da aka rubuta da lissafi ta yadda babu mai karanta shi sai wanda ke da mabuɗi. Na biyu bayanan gefe, wato duk abin da ke kewaye da saƙon ba cikinsa ba: wa ya aika, wa ya karɓa, da ƙarfe nawa, daga wane layi, kuma sau nawa. Na uku ɓoye sawu, wato a hana mai sa ido haɗa saƙon da mai aika shi. WhatsApp yana ba da na farko, amma an ɗaure shi da lambar waya, kuma tun Disamba 2020, lokacin da Isa Ali Pantami yake ministan sadarwa, aka wajabta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Ke nan adireshin intanet da kamfanin waya ya ba na'urarka yana komawa ga sunanka da hotonka. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin wasiƙu da maganganun waya, amma ƙa'idojin da hukumar sadarwa ta NCC ta fitar a 2019 sun ba hukumomin tsaro hanyar sauraren sadarwa bisa sharuɗɗa. I2P ya zo ne domin na biyu da na uku, ba domin na farko kaɗai ba.

Akwai kuma tsarin gini iri biyu. A tsarin uwar garke, wato babbar kwamfutar kamfani wadda kowa ke zuwa wurinta, saƙon Gmail ɗinka yana kwana a hannun Google. A tsarin tsara-da-tsara babu babba babu ƙarami: kowace kwamfuta tana karɓa, tana kuma miƙa na wasu. Tunanin wuce da saƙo ta hannaye da dama domin sawu ya ɓace ya samo asali daga wata maƙala da David Chaum ya wallafa a 1981. Daga wannan tushe Tor ya fito, bayan binciken da aka yi a cibiyar nazarin sojojin ruwan Amurka a tsakiyar shekarun 1990, shi kuma I2P ya soma a 2003. Bambancinsu yana da amfani ga sabon shiga. An fi gina Tor domin a fita zuwa intanet na kowa ba tare da an gane ka ba. I2P kuwa gari ne na cikin gida, da shafukansa masu ƙarewa da .i2p da hanyoyin saƙonsa, kuma fita waje ba ita ce sana'arsa ba. Wanda ya saka shi domin ya buɗe Facebook a ɓoye ya ɗauki kayan aikin da ba na aikin ba.

Manhajar da ake sakawa ana kiranta rauta, kuma kada a rikita ta da akwatin waifai na ofis. Aikinta gina abin da za mu kira bututu, wato jerin kwamfutocin wasu mutane, galibi uku, waɗanda saƙo zai ratsa. Misalin da ya fi kusa shi ne a ba direba a tashar Kawo ambulan wadda a cikinta akwai wata ambulan: shi ya san wanda ya miƙa masa da wanda zai miƙa wa, na gabansa ma haka, amma babu ɗaya a cikinsu da ya san farkon tafiyar da ƙarshenta gaba ɗaya. Bututun I2P hanya ɗaya yake bi, na fita daban na shigowa daban, saboda haka tambaya da amsarta ba sa bin sawu guda. Kowane bututu minti 10 yake yi a rushe shi a gina sabo. Bayanin inda sauran rautoci suke ba ya ajiye a ofishi ɗaya, an rarraba shi ne a tsakanin wasu rautoci masu ƙarfi da suka daɗe a kunne. Wannan shi ne ke ba tsarin juriya, shi ne kuma ke sa shi nauyin tafiya.

Matakan sakawa kaɗan ne, amma kowanne da dalilinsa. Asalin manhajar da harshen kwamfuta na Java aka rubuta ta, kuma daga shafin masu ita, geti2p.net, ya kamata a sauke ta, ba daga filashin mai saka manhajoji a kasuwa ba, domin kayan tsaro da ya bi ta hannun da ba a sani ba ya riga ya rasa amfaninsa. Bayan an kunna, ana buɗe allon kula da rauta a cikin burauza a adireshin 127.0.0.1:7657, wanda ba wani shafi ne na waje ba, kwamfutarka ce take magana da kanta. A karon farko rautar za ta nemo sunayen wasu tsararraki daga wasu wurare amintattu, sannan ta fara gwada bututu, kuma wannan yana ɗaukar mintoci. Daga nan a keɓe burauza guda, a saita ta ta bi ta ƙofa mai lamba 4444. Mun ce a keɓe da gangan: burauzar da mutum yake shiga asusun bankinsa da Gmail da ita tana ɗauke da alamominsa, kuma bututu ba ya goge alamar da mai saƙo ya liƙa da hannunsa.

A nan ne yanayinmu yake shigowa, kuma ya kamata mu daɗe a kai. Matsala ta farko wuta. Rautar I2P tana samun karɓuwa ne da daɗewa: tana koyon waɗanne tsararraki ne masu sauri, su ma suna koyon ko za a dogara da ita. Kwamfutar teburi da ke mutuwa duk sanda aka ɗauke wuta kullum baƙuwa ce a garin, kuma kowane kunnawa sabon jira ne. Ko kashewa ma tana da ladabi, domin rautar tana neman kusan minti 10 ta sallami bututun mutanen da ke bi ta kanta kafin ta rufe. Shi ya sa laftof mai batir mai kyau, ko gida mai sola da inbata, ya fi dacewa. Matsala ta biyu data. Tun da tsarin na tsara-da-tsara ne, rautarka tana ɗaukar kayan wasu ko da kai ba ka yin komai, kuma ga mai sayen data a ƙidaye daga MTN ko Airtel, musamman bayan ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin 100 da NCC ta amince da shi a Janairu 2025, wannan kuɗi ne da ke fita a aljihu. A shafin saita yawan data ana iya rage sauri da kason da ake rabawa, kuma muna ganin sabon shiga ya fara da wannan shafi tun kafin komai. Sai dai kada ya mayar da rabon sifili in yana da hali, domin zirga-zirgar wasu da ke ratsa na'urarsa ita ce ke lulluɓe tasa. Matsala ta uku, kamfanonin waya sukan tara masu layi da yawa a bayan adireshi ɗaya, sai allon ya nuna cewa rautar tana bayan katanga. Wannan ba lalacewa ba ne, za ta yi aiki ta hanyar wasu rautoci masu gabatar da ita ga saura, illa dai da ɗan jinkiri. Ta huɗu ƙarama ce amma tana yawan kayar da mutane: tsohuwar kwamfuta da batirin agogonta ya mutu tana tashi da kwanan watan da ba daidai ba, rautoci kuwa ba sa yarda da wanda agogonsa ya kauce.

Imel a cikin I2P iri biyu ne. Na farko SusiMail, wanda ke zuwa tare da rautar, yana aiki da wata uwar garke da wani mai laƙabin postman yake gudanarwa. Adireshinsa yana ƙarewa da mail.i2p, yana kuma iya musayar saƙo da imel na waje. Sauƙinsa a fili yake, rauninsa ma haka: akwai mutum guda a tsakiya, kuma in ba ka kulle saƙon da kanka ba, amana ce ka ba shi. Na biyu I2P-Bote, wanda ba shi da uwar garke ko ɗaya. Idan ka aika, manhajar tana kulle saƙon da mabuɗin mai karɓa, ta yanka shi gunduwa-gunduwa, ta ajiye a kwamfutocin sauran masu Bote, waɗanda ba za su iya karanta abin da suke riƙe da shi ba. Mai karɓa idan ya kunna sai ya tattaro nasa. Saƙon da ba a ɗauka ba yana jira har kwana 100 kafin a share shi, kuma wannan siffa ta dace da mu ƙwarai, domin ba sai mai aikawa da mai karɓa sun samu wuta a lokaci guda ba.

Bote manhajar maƙalawa ce, wato ƙaramar manhaja da ba ta tsayawa da kanta sai a jikin babba. Ana saka ta daga shafin maƙale-maƙale na allon rauta, da fayil mai ƙarewa da .su3 wanda ke ɗauke da sa hannun masu shi, kuma rautar Java kawai take hawa, ba ta hawa i2pd, ɗan'uwanta mara nauyi da aka rubuta da C++. Bayan ta tashi, mutum zai ƙirƙiri shaida, wato mabuɗai biyu, na fili da na ɓoye. Babu rajista, babu lambar waya. Adireshin shi ne mabuɗin fili kansa, kuma mafi gajartarsa baƙaƙe 86 ne, abin da ba a haddacewa kuma ba a faɗa da baki. Daga wannan abubuwa biyu suke biyowa. Ɗaya, yadda aka miƙa adireshin yana cikin tsaron: wanda ya tura shi ta WhatsApp ya ɗaure sabuwar shaidarsa da tsohuwar lambarsa, gara a haɗu ido da ido a miƙa. Biyu, babu ofishin da za a je a ce an manta kalmar sirri. Idan faifan kwamfuta ya ƙone, ko aka yi mata wankin manhaja a wurin mai gyara ba a kwafe fayil ɗin shaida ba, adireshin ya tafi ke nan. Akwai kuma zaɓin a sa saƙo ya bi ta wasu masu miƙawa da za su riƙe shi na ɗan lokaci kafin su wuce da shi, domin mai sa ido ya kasa haɗa lokacin aikawa da na isowa. Farashinsa jinkiri ne, saƙo yana iya ɗaukar sa'o'i.

Wajibi ne mu faɗi cewa aikin sabunta Bote ya ja baya shekaru da dama, alhali rautar I2P tana ci gaba da fitowa da sababbin zubi. Tsohuwar manhaja tana iya ƙin tashi a kan sabuwar rauta, kuma ma'ajiyar da ta dogara da yawan masu amfani tana rauni idan sun ragu. Wasu sun sake rubuta tsarin da C++ da sunan pboted, amma wannan ba na sabon shiga ba ne. Ra'ayinmu shi ne a ɗauki Bote a matsayin makaranta mai kyau ta fahimtar imel mara uwar garke, a gwada shi tsakanin abokai biyu da saƙonnin da ba su da hatsari, kada a ɗora masa abin da ran mutum ko 'yancinsa ya rataya a kai kafin an ga ya yi aiki sau da yawa.

Saura iyakokin da babu saitin da ke kawar da su. I2P yana ɓoye da wa kake magana, amma ba ya ɓoye cewa kana amfani da shi, domin tsararrakin da ka haɗu da su suna ganin adireshinka, kamfanin layinka ma yana iya lura da irin zirga-zirgar. Ɓoye sawu kuma da taro ake samunsa: inda masu amfani suke da yawa mutum yana sajewa, inda suke 'yan ƙalilan, kamar yadda sabon abu yakan kasance a kowace unguwa, amfani da shi kaɗai yana iya zama alama. Ba ya kuma aiki in babu layi. A ƙarshen Satumba 2021, zamanin Gwamna Nasir El-Rufai, an katse sadarwar waya a wasu sassan Jihar Kaduna saboda 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, bayan an yi haka a Zamfara a farkon watan, kuma ba a maido ba sai ƙarshen Nuwamba. A irin wannan hali bututu ba shi da ƙasar da zai bi. Wannan tarihi ne kuma ya sa ba ma raina damuwar wanda ke ganin kayan ɓoye sawu yana tuna masu garkuwa da mutane. Mutanen Kaduna sun biya wannan da jini. Amma addinin da ake karantarwa a Masallacin Sultan Bello, a tsakiyar Unguwar Sarki, ya hana bin diddigin asirin mutane kamar yadda ya hana cutar da su, kuma majiyar ɗan jarida da mara lafiyar likita suna da haƙƙin sutura. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, tana hawa kan abin da mutum ya aikata ta kowace hanya ya bi. Rauni na ƙarshe kuwa yana cikin ɗaki: laftof ɗin da ƙanne da abokai suke ara, da kalmar sirri da aka rubuta a bayan littafi, da salon rubutun da duk wanda ya san mutum zai gane shi tun a layin farko.